Ranar da Alƙalai Suka Tafa Mini

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke cikin kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da majistarori cike da ɗakin taro suka yi mini tafi raf-raf-raf, ni kuwa na dafe ƙirji ina rusunawa kamar wanda aka naɗa wa sarauta. Da na san abin da suke tafa wa, da tun kafin a raba shayin safe na nemi ƙofar baya na sulale.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san tsawon wurin da na faɗo. Ni tafinta ne a wata kotun majistare da ke nan ɓangarenmu na Legas. A lokacin da abin ya faru na shekara goma sha bakwai a bakin aikin. A Agege aka haife ni, a nan na tashi. Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turancin buroka a tasha, Turancin gaske kuma a makaranta (sakandare kawai na gama, amma masu cewa na yi difloma ban taɓa gyara musu ba). A unguwa ba mai kiran sunana, Lauya ake ce mini. Wannan ma ban taɓa hanawa ba. In na fito da safe da jakata a hammata zan shiga motar haya ta danfo, masu shayi har ɗago hannu suke yi. Duk wanda 'yan sanda suka kama wa ɗa ko ƙane, ƙofar gidana yake fara zuwa.

A kotu kuwa abin da aka san ni da shi sauri ne. Ku da ba ku taɓa shiga ba, ranar Litinin za ka tarar an jero mutane daga ofishin 'yan sanda kamar layin awo, fanka ba ta aiki, majistare tana duba agogo, lauyoyi suna tsaki. Ɗan Arewa in an sa shi a akwatin waɗanda ake tuhuma sai ya fara daga asalin labari: yadda ya baro gida, motar da ya hau, wanda ya sauke shi. Ni kuma sai in bari ya yi nisa kaɗan, in ɗaga masa hannu, in dunƙule maganar minti biyu cikin kalma shida in miƙa. Majistarori suna sona saboda haka. Wata har ta taɓa cewa da duk tafintoci irina ne da tuni an rage cunkoso. Na riƙe wannan magana na yi ta yawo da ita shekara da shekaru kamar lambar yabo.

To, akwai wata gidauniya ta tsofaffin lauyoyi da alƙalan da suka yi ritaya. Duk shekara tana shirya wa majistarori bita ta kwana uku, a tuna musu abin da suka manta, a nuna musu abin da ya sauya. Da gudummawar jama'a ake yin komai, tun daga kuɗin ɗakin taro har ruwan sha. A wannan shekarar sun ware rana guda don maganar mutanen da ake yi wa shari'a da harshen da ba sa ji. Wata matashiyar lauya mai suna Barista Bisola, wadda ita ce ke kai-komon shirya taron, ta zo kotunmu tana neman wanda zai haɗa su da Hausawa, tunda mu abin ya fi shafa. Rajistara ya nuna mata ni.

Ta roƙe ni in raka ta wuri biyu ko uku. Kafin mako ya zagayo na ƙwace aikin gaba ɗaya. Na yi magana a masallaci bayan sallar Juma'a, na je wurin direbobin manyan motoci a Ijora, na shiga kasuwar Mile 12 wurin dillalan kayan gwari, na dawo abbatuwa, mayankar shanu. Da farko cewa nake yi, “Za a koyar da alƙalai.” Bayan kwana biyu ta koma, “Za mu koyar da alƙalai.” Ban san ranar da ta zama “Zan koyar da alƙalai” ba, amma ta zama, kuma bakina ne ya faɗa.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Alhaji Mamman, babban dillalin shanu, dattijon da ya fi shekara arba'in a garin nan amma har yau Ikko yake ce wa Legas. Na same shi a rumfarsa yana jan carbi, na zuba masa bayani. Ya kalle ni ta saman tabarau.

“Lauya, alƙali kuma har sai an koya masa? Na ɗauka shi ke koya wa mutane hankali.”

“Alhaji, ai ilimi ba ya ƙarewa. Kuma ba sa jin Hausa. Mu ne idonsu, mu ne kunnensu.”

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce, “Akwai mutanenmu a gidan yari da ba su san ma abin da suka amsa ba. Na sha zuwa belin wasu. In wannan taron zai rage ko mutum ɗaya, na ba da sa guda a ciyar da su. Amma zan zo in gani da idona.”

Na ce ai dole ma ya zo, shi da duk wanda ya ba da wani abu. Na gyaɗa kai sosai a kan maganar mutanen da ba su san abin da suka amsa ba, har da cewa, “Wallahi Alhaji, wasu tafintocin ba su da tsoron Allah.” (Ku riƙe wannan. Ni na faɗa, ba wani ya matsa mini ba.)

Saura mako guda Barista Bisola ta gaya mini cewa a rana ta biyu za a yi zaman kotu na gwaji a gaban mahalarta. Wata tsohuwar mai shari'a da kowa ke ce wa Mama ita ta tsara shi, kuma sun riga sun yi magana da wani malamin jami'a zai zo ya fito a matsayin tafinta. Raina ya ɓaci nan take. Malamin jami'a? Mutumin da bai taɓa shaƙar warin kotu ba? Ni da na tara sa da buhunan shinkafa da kwandunan tumatir, a ajiye ni a benci? Na yi ta faɗa har ta gaji ta ce za ta tambayi Mama. Washegari ta kawo mini ambulan.

“Mama ta yarda. Amma oga, don Allah ka karanta wannan. Akwai wurin da ta ja wa layi da jan biro, shi ne naka.”

Na ce mata kada ta damu. Na kai ambulan gida na ɗora a kan firji. Kwana biyu kafin taron matata tana goge-goge ta ɗago shi.

“Baban Abba, takardar mutanen nan fa, ko buɗewa ba ka yi ba.”

“Ni za a rubuta wa yadda ake tafinta? Ajiye musu kayansu.”

Ta ajiye. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne ko tela zai gama mini babbar rigar da na yanko shaddarta a kasuwar Jankara. Ya gama. Ruwan toka ce, da aikin wuya har ciki.

Ranar Laraba na isa otal ɗin da wuri. Ɗakin taro sanyi ƙalau, majistarori maza da mata sun zauna layi-layi, kowa da sabuwar jaka da littafin rubutu. Majistaren da nake aiki a ƙarƙashinta tana layi na biyu, ta ɗago mini hannu. A can baya aka jera wa masu gudummawa kujeru: Alhaji Mamman a tsakiya, dillalai da shugabannin direbobi kusan goma a gefensa, duk mutanen da suka ji da kunnensu na ce zan koyar da alƙalai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaisa, ina gyara hannun riga.

Mama 'yar ƙaramar tsohuwa ce, kanta fari fat, tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta da Yarbanci, ta amsa, sannan ta tambaye ni da Turanci ko na karanta takardar. Na ce tsaf, har sau biyu.

Aka shirya tebur a gaba. Wani majistare ya yarda ya zauna a kujerar alƙali, Barista Bisola ta zama mai gabatar da ƙara. Mama ta yi wa taro bayani cewa shari'ar gaske ce da aka yi shekara huɗu da suka wuce, ta ci karo da ita a wata ziyara da suka kai gidan yari, an cire sunan kotu da na ma'aikata, kuma mutumin da abin ya faru da shi ya yarda ya zo da kansa ya maimaita abin da ya faɗa a wancan lokacin. Na ji duk wannan da rabin kunne, domin ina fama da makirfo, ina neman tsayuwar da mai ɗaukar hoto zai fi samuna.

Aka shigo da shi. Dogo ne siriri, zai yi shekara arba'in, da wankakkiyar jallabiya da silifas. Tsakiyar kansa gashi ya cinye, irin na wanda ya daɗe yana dako. Aka ce sunansa Isiyaku, ɗan ci-rani ne. Ya tsaya yana kallona, kallo mai tsawo. Na ɗauka rigata ce ta burge shi.

Barista Bisola ta karanto tuhuma da Turanci, doguwa, da sashe kaza na doka kaza: satar buhun albasa biyu daga kan mota a kasuwa. Na juya gare shi na gutsure ta kamar yadda na saba.

“An ce ka ɗauki buhun albasa biyu. Haka ne ko ba haka ba?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ɗan dako ne. Wani mutum ne ya nuna mini buhunan ya ce in kai bakin titi. Na ɗauka na ogana ne. Da na kai...”

Na ɗaga masa hannu. “Ya isa, an ji.”

Na juya ga kujerar alƙali, na gyara murya, na faɗa da Turancin da na fi ji da shi cewa wanda ake tuhuma ya ce shi ya ɗauki kayan, ya kuma san na ogansa ne, ba nasa ba. Ya amsa laifinsa.

Majistaren ya rubuta, ya ce ɗaurin wata shida. Duka-duka ba a yi minti huɗu ba. Na saci kallon layin baya don in ga ko sun lura da gwaninta. Alhaji Mamman ya cire tabarau yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce a raina, dattijo ya sha mamaki.

Mama ta miƙe da sandarta ta ce wa taro kafin a ci gaba, a tafa wa tafintanmu. Ta ce ta shirya irin wannan gwaji sau da yawa, ba ta taɓa samun wanda ya yi shi daidai haka ba. Har ɗaga hannun nan da na yi, in ji ta, ba ta rubuta ba, ni na ƙara da basirata. Ɗaki ya ɗauki tafi. Wasu har da dariya da jinjina.

Jama'a, da na yi shiru a nan, da na tsira. Da na koma gida da rigata da mutuncina, da har yau ana ce mini Lauya. Amma makirfo yana hannuna, kuma tafi yana da wani abu da yake yi wa ƙwaƙwalwar mutum irina. Na rusuna, na ɗaga hannu a yi shiru, na ce da Turanci, da ƙarfi yadda na baya za su ji:

“Mama, na gode. Amma gaskiya ɗaya ce, ko buɗe takardarku ban yi ba, tana kan firji a gida. Ni ba wasan kwaikwayo na yi ba. Haka nake aikina kullum, shekara goma sha bakwai. Ga shugabata nan a layi na biyu, ta shaida.”

Na tsaya ina jiran tafi na biyu.

Ba wanda ya motsa. Na'urar sanyaya ɗaki kaɗai ake ji. Barista Bisola ta sa hannu ta rufe baki. Majistarena ta sunkuyar da kai tana kallon littafinta kamar yau ta fara ganin takarda.

Mama ta tako har gabana, a hankali, ƙwas, ƙwas. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, ba ka karanta ba?”

Da Hausa ta faɗa. Hausa tatacciya, ta Zazzau, wadda ta fi tawa ta Agege daɗin ji. (Daga baya na ji cewa a Zariya aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sai da ta yi aure ta dawo Kudu.) Na ce, “Ban karanta ba, Mama.”

Ta karɓi kwafin takardar daga hannun Barista Bisola ta nuna mini wurin jan layin da yatsa. Ba ta sa ni na karanta a fili ba, wannan alherin ta yi mini. Abin da ke rubuce shi ne: a nan tafinta zai yi kuskure da gangan, zai juya maganar wanda ake tuhuma ta koma amsa laifi, kamar yadda ya faru a shari'ar ta ainihi.

Sannan ta juya ga alƙalai ta yi musu bayani, tunda abin da ya tara su ke nan. Ta ce a Hausa kalma ɗaya ce, amma akwai ɗauka da kai, akwai ɗauka da zuciya. Mutumin nan da ya ce “na ɗauka na ogana ne”, cewa yake yi ya zaci kayan na mai gidansa ne. Musanta laifi yake yi. Ta ce duk yaron da ya tashi da Hausa ya san wannan, in dai ya saurara. Ni ma na sani. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Sau nawa a rana nake cewa “na ɗauka kaza ne”? Ba jahilci ba ne ya kayar da ni, na ji kalmar “ɗauka” ne kawai na cafke, don ita nake jira, ita ce ke gama shari'a da wuri.

Ina tsaye zufa tana bin bayana a cikin wannan sanyi, ina cewa a raina to an kai ƙarshe, ba abin da ya rage. Sai Isiyaku ya ɗaga yatsa kamar ɗan makaranta.

“Hajiya, in yi magana?”

Ta ce ya yi.

“Ai ba sai an rubuta masa ba. Shi ne. Tun da na shigo nake kallonsa, ina cewa ko kama ce. Da ya ɗaga mini hannu na tabbatar. Shi ne ya yi mini tafinta wancan karon.”

Daga layin baya na ji wani ya ce, “Innalillahi.” Alƙalai kuwa ba su ji abin da aka faɗa ba, suna ta kallon-kallo. Mama ta daɗe tana dubana. Na ga a fuskarta cewa ba ta sani ba, ba tarko ta ɗana mini ba, ni na kawo kaina har da ɗinka sabuwar riga. Na yi zaton za ta ce a tafi hutu. Sai ta ce, “Kai ne tafinta, makirfo yana hannunka. Juya musu. Duka. In ka tsallake kalma ɗaya ina ji.”

Haka aka yi. Isiyaku yana faɗa, ina juyawa, jimla bayan jimla. Kuma ƙa'idar aikinmu ita ce ka yi magana da bakin mai magana, ka ce “ni” a inda ya ce “ni”. Saboda haka da bakina na gaya wa alƙalan Legas cewa wannan mutumin mai babbar riga shi ya hana ni ƙarasa maganata. Na gaya musu ban san an yanke mini hukunci ba sai da aka tura ni cikin mota, na tambayi wani ɗan sanda Bahaushe ina za mu. Na gaya musu damina ta sauka ina ciki, ba wanda ya shuka gonata. Na gaya musu mahaifiyata ta rasu a wata na huɗu, ban ji ba sai da na fito. Isiyaku bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba, kamar mai ba da labarin wani. A ƙarshe ya ce, “Har yau a garinmu in akuya ta ɓata, gidana ake fara leƙawa.” Na juya wannan ma. Na faɗe ta ƙasa-ƙasa, Mama ta ce, “Sake, ba su ji ba.” Na sake.

A iya sanina, wannan ce fassara ta farko cikakkiya da na yi a shekara goma sha bakwai.

Aka tashi cin abinci. Naman san Alhaji Mamman ne, an yi farfesu an yi soye, ƙamshi ya cika wuri. Na tsaya a jikin wani ginshiƙi ina yi kamar ina duba waya. Dillalai suka wuce ni ɗaya-ɗaya, kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Alhaji ne kaɗai ya tsaya.

“Lauya...” Sai ya gyara. “Malam. Na ce zan zo in gani da idona, na kuwa gani. Sana bai tafi a banza ba.”

Ya juya. Ya je ya kama hannun Isiyaku ya zaunar da shi kusa da shi. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matata ta zuba mini ruwa kawai, ta ɗauke ambulan daga kan firji don kada in gani. Wannan ya fi mini zafi a kan ta yi magana.

Za ku zaci an kore ni. Ni ma haka na zata, har na fara kwashe tarkacena daga durowa. Ba a kore ni ba. Rajistara ya kira ni ya yi mini faɗa na minti biyar, ya ce in kula, sannan ya ce in yi sauri akwai mutum takwas suna jira. Babu wani mai jin Hausa a ma'aikatan, shi ke nan dalilin. Majistaren da ya yanke wa Isiyaku hukunci na ainihi kuwa tuni ya sami ƙarin girma, ba wanda ya ambaci sunansa. Ba ina neman in raba laifina da wani ba ne, nawa nawa ne. Amma mutum ya tsaya a gabanka ya yi magana mai tsawo, tafinta ya ba ka 'yar guntuwa, ba ka tambayi ina sauran ba? Shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa tambayata. Yabona ma ake yi.

Ranar Asabar da hantsi na hau mota zuwa Mile 12. Sai da na yi yawo cikin caɓi da ruɓaɓɓen tumatir kusan awa guda kafin wani mai albasa ya nuna mini Isiyaku. Yana tahowa da buhu a ka, wuyansa ya sanƙare. Na tare shi. Na ce masa ni ne, ya ce ya gani. Na fara ba shi haƙuri. Na shirya magana tun daga gida, na kuwa zuba ta duka: yawan aiki, matsin lamba, zafin kotu, shaiɗan, ƙaddara, 'yan uwantaka ta Musulunci. Na daɗe ina yi. Masu kaya suna ture mu, shi yana tsaye da buhunsa bai sauke ba. Da na rasa abin ƙarawa na yi shiru.

Ya ce, “Ka gama?”

Na ce na gama.

“To ka ga ni na bar ka ka gama.”

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Ka yafe mini, Malam Isiyaku?”

“Wannan sai na yi tunani. Matsa mini, kaya ne a kaina.”

Na matsa. Ya wuce. Na koma sau biyu bayan nan, na farko aka ce ya fita da kaya, na biyu aka ce ya tafi gida noma. Ban san ko ya gama tunanin ba.

Abin da ke hana ni sakewa shi ne, shi na san sunansa. Sauran fa? Na zauna na yi ƙoƙarin tuno fuskokin waɗanda na ɗaga wa hannu, ko goma ban iya kawowa ba. Shi kansa Isiyaku ya tsaya a gabana taku biyu ban gane shi ba.

Bitar tana nan ana yi duk shekara. An ce yanzu mutanenmu sun fi ba da gudummawa, Alhaji Mamman da kansa yake zagayawa, kuma labarina ne yake buɗe masa aljihun mutane. Ni ba a sake aikena ko'ina ba. A kotu kuwa na zama tafintan da ya fi kowa nawa. In ɗan Arewa ya fara daga motar da ta kawo shi, daga motar nake farawa. Lauyoyi suna tsaki, majistare tana duba agogo, wani ɗan sanda har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Hannuna na dama kuma a aljihu nake barinsa, don ban gama yarda da shi ba.

Darasin da na samu ba shi da tsawo: in talaka ya buɗe baki, ka bari ya rufe da kansa. An tara sa da shinkafa da tumatir don a koyar da alƙalai, kowannensu ya tafi gida da satifiket da hoto. Ni da ba a sa sunana cikin ɗalibai ba, ni aka fi koya wa, kuma ko takardar shaida ba a ba ni ba.